Yadda Ake Shirya Zangon Kwana a Daji Domin Ɗaliban Ƙaramar Sakandare

Yaron da ke tsakanin shekara 11 da 14 ya wuce a riƙe masa hannu a kowane taki, amma bai kai a sakar masa ragama gaba ɗaya ba, kuma saboda haka ne babu shekarun da zangon kwana a daji ya fi dacewa da su kamar waɗannan. A cikin aji malami ne ke da alli, shi ke tambaya, shi kuma ke da amsa. A daji kuwa, idan ba a ɗaure igiyar tanti da kyau ba iska ce za ta yi gyara, kuma yaro ba ya musu da iska. Sau da yawa ɗalibin da ba a jin muryarsa a aji shi ne zai fara gane inda kuskuren yake, sauran su bi bayansa.

Abin da nake so duk malamin da zai ɗauki wannan nauyi ya riƙe tun daga farko shi ne cewa haɗari daban, wahala daban. Aikin manya shi ne su kawar da haɗari iya ƙoƙarinsu, ta yadda babu yaron da zai ƙone, ko ya ɓata, ko ya sha gurɓataccen ruwa. Amma wahalar kafa tanti, da ɗaukar jaka, da wanke tukunya, da kwana nesa da gida, wannan ita ce darasin da aka fito nema, kuma malamin da tausayi ya sa ya ɗauke wa yara ita ya raba su da amfanin tafiyar.

Zaɓen wuri da lokaci

Kafin a yi maganar mota ko abinci, sai malaman da za su jagoranci tafiyar su zauna su amsa tambaya guda: me ake so yaran su dawo da shi? Idan nazarin tsirrai da ƙwari ne, wurin da za a zaɓa daban ne da na masu son koyon karatun taswira ko kallon taurari. Makarantar da ba ta taɓa yin irin wannan fita ba ta fara da dare ɗaya, a wurin da ba shi da nisa ƙwarai. Dare biyu ya fi amfani, domin a daren farko yara ba sa barci sosai kuma sai a rana ta biyu suke sakin jiki, amma gara a yi dare ɗaya cikin tsari da a yi uku cikin ruɗani.

Gani ya kori ji, don haka kada a dogara da hoto ko da bayanin wani game da wurin da za a sauka. Dole jagoran tafiya ya je da ƙafarsa, kuma idan da hali ya kwana a can, ko aƙalla ya zauna har duhu ya shiga, domin wurin da ya yi kyau da hantsi yana iya zama matattarar sauro da magariba. Ya nemi fili mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, ya guji kwari da busasshen rafi ko da an daɗe ba a ga ruwa a cikinsa ba, saboda ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya gangarowa cikin dare ba tare da an ga hadari ba. Ya ɗaga kai ya duba ko akwai busassun rassa a saman inda za a kafa tantuna, ya kuma sunkuya ya duba ramuka da suri da hanyar tururuwa. Ya gwada wayarsa a kusurwoyi daban-daban don ya san inda ake samun layi. Ya tuƙa mota daga wurin zuwa asibiti mafi kusa yana duba agogo, ya tabbatar asibitin yana aiki da dare, ya kuma tambayi mutanen yankin yadda hanyar take zama idan an yi ruwa. Sannan ya san ginin da za a gudu a fake idan yanayi ya rikice. Izinin masu filin ko hukumar da ke kula da dajin ya kasance a rubuce, kuma a sanar da jami'an tsaron yankin ranar zuwa da ranar komawa. Idan akwai wani shakku game da tsaron wurin, a sauya wuri, ko da kuwa harabar wata makaranta ce mai bishiyoyi da katanga.

Wajen sa rana, a kauce wa tsananin zafi da tsakiyar damina, a kuma duba kwanan wata: farin wata yana sauƙaƙa zirga-zirga kuma yana rage wa yara tsoro, duhun wata kuwa shi ke fito da taurari.

Iyaye da manyan da za su raka

A kira iyaye taro makonni kafin tafiya, a gaya musu komai dalla-dalla: inda za a kwana, su wa za su kwana tare da yaran, me za a yi idan wani ya yi rashin lafiya. Uwa ko uban da ya yi tambayoyi masu yawa bai takura wa kowa ba, haƙƙinsa ne, kuma amana ce yake shirin miƙawa. Takardar amincewa ta ƙunshi lambobin waya biyu na gida, da bayanin lafiyar yaro: asma, sikila, farfaɗiya, ciwon suga, abincin da jikinsa ba ya karɓa, da maganin da yake sha tare da lokutan shansa. A bar wani gurbi inda iyaye za su rubuta abin da ba sa so a faɗa a bainar jama'a, kamar fitsarin kwance ko tafiya cikin barci, kuma malami ɗaya ko biyu kaɗai za su karanta. A nemi hanyar da ɗalibin da iyayensa ba su da hali zai je ba tare da abokansa sun san an tallafa masa ba, haka kuma ɗalibi mai buƙata ta musamman a tsara wurin da ayyukan da shi a zuciya tun farko.

Dokokin yawan manya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a bi na hukumar ilimi ta inda ake. A ganina babba ɗaya ga yara takwas zuwa goma ya yi daidai, kuma komai ƙanƙantar tawagar kada manya su gaza uku, domin idan ɗaya ya tafi asibiti da yaro dole a bar biyu a zango. Idan akwai 'yan mata, wajibi ne a samu malamai mata. Aƙalla mutum ɗaya ya kasance yana da horon agajin gaggawa na haƙiƙa, kuma mota da direbanta su kwana a wurin, fuskarta na kallon hanyar fita. Akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci ko kaɗan, wato kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai inda ba a ganinsu, kuma manya su kwana a tantunansu daban, kusa da na yara. Wannan ƙa'ida tana kare yaro, tana kuma kare mutuncin malami. A bar cikakken jerin sunaye da jadawalin tafiya a hannun wani jami'in makaranta da bai je ba, wanda iyaye za su riƙa tuntuɓa.

Rukunai da atisaye

A watan Agusta na 1907 Robert Baden-Powell ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, ya raba su ƙananan rukunai huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran, kuma daga wannan gwaji ne ƙungiyar sikawut ta samo asali. Har yau ban ga tsarin da ya fi wannan ba. A raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum biyar zuwa bakwai, a ba kowane rukuni tantinsa da aikinsa, a riƙa juya ayyukan girki da ɗebo ruwa da shara. Malami ne zai yi rabon, kada a bar yara su zaɓi junansu, domin kullum akwai wanda ba za a zaɓa ba. Amma a tabbatar kowane yaro yana da aƙalla aboki ɗaya da ya saba da shi a tantinsa.

Mako ɗaya ko biyu kafin tafiya a fito da tantunan a filin makaranta, kowane rukuni ya kafa nasa ya kwance ya sake kafawa. A nan ne za a gano tantin da ya yage da wanda turakunsa ba su cika ba. A ranar ne kuma za a duba kayan kowa. Abin da yaro yake buƙata bai da yawa: takalmi rufaffe wanda ya riga ya saba da ƙafarsa, kaya masu dogon hannu, rigar sanyi da ta ruwa, hula, gorar ruwa, tocila, usur, bargo ko jakar barci, da shimfiɗa mai kauri, saboda sanyin dare ta ƙasa yake fi shiga jiki. Inda akwai sauro a haɗa da gidan sauro da man shafawa mai korar ƙwari. A sa kayan sawa cikin leda kafin a zuba a jaka, kuma kowa ya rubuta sunansa a kayansa. Yaron da kansa zai haɗa jakarsa, domin wanda aka haɗa wa ba ya sanin inda tocilarsa take idan duhu ya yi. Wayoyin yara kuwa, ra'ayina shi ne su zauna a gida ko a hannun malami; yaron da ke kallon waya jikinsa ne kawai ya zo daji.

Sauka a zango

A isa da sauran rana, aƙalla awa uku kafin faɗuwarta. Abu na farko shi ne ƙirga yara da sunayensu, kuma za a maimaita wannan ƙirga kafin kowane motsi, da lokacin kowane cin abinci, da kafin barci. Daga nan a zagaya da su iyakar zangon da ƙafa, a nuna musu bishiya ko dutsen da ba a wucewa, da wurin taruwa idan an busa usur. Babu mai zuwa ko'ina shi kaɗai, ko ban-ɗaki ne. A koya musu abin da za su yi idan sun ɓata, a sa su maimaita da bakinsu: a tsaya wuri ɗaya, a daina tafiya, a busa usur sau uku a saurara, sannan a sake. A ƙara musu da cewa babu wanda za a yi wa faɗa don ya ɓata, saboda yaron da ke tsoron hukunci yakan yi shiru ko da yana jin ana kiran sunansa.

Tantunan maza da na mata su kasance ɓangare daban-daban, na malamai a tsakani. Wurin girki ya yi nesa da tantuna, masai kuma ya kasance a inda iska ba za ta kwaso wari zuwa zango ba, kuma aƙalla mita 60 daga rafi ko rijiya. A ajiye ruwa da sabulu a bakin masai da kuma wurin cin abinci, domin yawancin ciwon cikin da ke lalata zango daga hannu yake zuwa. Duk ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a kan tsaunuka masu tsayin da ya haura mita 2,000 kuwa minti uku. Abinci ya zama mai sauƙi wanda yara za su iya dafawa da kansu, a ci shi da zafinsa, kuma dafaffen da ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da sanyi ba kada a ba kowa. Kada a kai abinci cikin tanti, don yana jawo tururuwa da ɓeraye, ɓeraye kuma suna jawo maciji.

Batun wuta yana buƙatar tsanani. A share ciyawa a kewayen murhu, a ajiye bokitin ruwa da yashi kafin a ƙyasta ashana, kuma babba ya tsaya a kai har a kashe ta da ruwa, a tona tokar a tabbatar ta huce. Kada a taɓa shigar da gawayi, ko risho, ko fitilar kananzir cikin tanti, ko da sanyi ya yi tsanani, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Ban da gobara, suna fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Darasin rana

Kada a cika jadawali har ya rasa wurin numfashi. Ayyuka biyu ko uku masu ma'ana sun isa wuni guda: bin taswira da kamfas (na'urar da ke nuna arewa) zuwa wasu alamomi da aka ɓoye, auna tsayin bishiya ta hanyar kwatanta inuwarta da inuwar sanda, zana ganyaye da sawun dabbobi a littafi, ko ƙirga ire-iren halittun da ke cikin murabba'in mita ɗaya na ƙasa. A bar lokacin ibada da na hutu, a kuma ware kamar minti 15 da kowane yaro zai zauna shiru a inda malami ke hango shi, ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani. Da farko za su yi ta dariya da motsi, amma da yawansu wannan zaman ne suke tunawa daga baya. Idan rukuni ya kafa tanti a karkace, malami ya danne zuciyarsa ya yi tambaya maimakon ya karɓi igiya, sai fa idan dare ya matso ko hadari ya taso.

Dare

Duk abin da aka shirya, dare ne yake gwada shi. Da zarar rana ta faɗi murya takan ragu, wanda ya wuni yana cika baki sai a ga ya matso kusa da malami, kuma a daidai wannan lokaci ne kewar gida take saukowa. Kada a yi wa mai kuka dariya, kada kuma a yi saurin kiran gida, domin jin muryar uwa yakan ƙara kukan ne. A zauna da shi a inda ake ganinsu, a nuna masa cewa abin da yake ji ba abin kunya ba ne, a ba shi wani aiki kamar riƙe tocila ko rarraba kofuna, a kuma gaya masa abin da za a yi gobe da safe. Yawanci da gari ya waye ya manta. Amma idan yaro ya kasa ci ya kasa barci, firgicinsa kuma yana ƙaruwa, to a kira iyayensa, kuma kada a bari komawarsa gida ta zama abin gori.

Ina roƙon malamai su hana labaran ban tsoro a bakin wuta. Babba yakan ɗauke su wasa, amma yaron da zai kwana a tanti yana jin motsin ciyawa ba wasa ba ne a wurinsa, kuma yakan riƙe fitsari har safe don tsoron fita. Abin da ya fi shi ne a kashe tocila duka a zauna, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, daga nan sai taurarin da ba a gani a gari su bayyana. A nuna musu Zara idan ta fito, da tarin taurarin da ake kira kaza da 'ya'yanta idan lokacinta ne, a sa su rufe ido su ƙirga sautuka nawa suke iya bambancewa. Yaron da ya san cewa kukan da yake ji na kwaɗo ne ko na mujiya tsoronsa yakan koma son sani.

Yara masu waɗannan shekaru suna buƙatar barcin awa tara ko kusa da haka, don haka a sa lokacin kwanciya a tsaya a kansa. Manya su raba dare tsakaninsu ta yadda a kowane lokaci akwai wanda idonsa biyu, a bar fitila a hanyar masai, kuma kowane yaro ya san tantin da zai je idan yana da matsala. Malama ta tanadi audugar mata da kayan canji, saboda a waɗannan shekaru yarinya tana iya ganin al'adarta ta farko a zango, kuma yadda aka karɓe ta a wannan dare zai daɗe a ranta. Mai fitsarin kwance a tashe shi a asirce, a kuma tanadi shimfiɗar canji ba tare da kowa ya lura ba. A nan ne kuma ake sa ido kan cin zali, domin abin da ba a yi a gaban malami da rana a cikin tanti ake yinsa.

Idan abu ya faru

Tanti ba ya kare mutum daga tsawa, haka ma gindin bishiya. Sauti yana tafiyar kusan kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita goma, kuma lokacin fakewa ya riga ya yi. A shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe a rufe gilasai, kada a fito sai an yi minti 30 ba a ji rugugi ba. Ƙuna a sanyaya ta da ruwa mai tsabta na tsawon minti 20, kada a shafa mai ko wani abu. Idan maciji ya sari yaro, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko duk abin da ya matse wurin, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, kuma ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. A koya wa kowa ya zazzage takalminsa kafin ya sa da safe saboda kunama. A lokacin zafi, ciwon kai da jiri da kasala alamu ne na cewa yaro yana buƙatar inuwa da ruwa, amma idan ya fara ruɗewa ko surutai, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita a garzaya asibiti. Jiƙaƙƙen kaya tare da iska kuwa suna sa sanyi ya yi wa yaro illa ko da garin bai yi sanyi sosai ba, don haka a canza masa kaya da wuri. Maganin asma ya kasance a jikin mai shi a kowane lokaci, ba a ƙasan akwati ba, kuma duk maganin da aka bayar a rubuta sunan yaro da lokaci.

Da safe, bayan an kwance tantuna, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan suna tsince duk abin da aka yar, a rufe ramuka, a kwashe shara a tafi da ita, a bar furanni da sheƙar tsuntsaye yadda aka same su. A sake ƙirga kai a cikin mota kafin ta tashi, kuma a makaranta a miƙa kowane yaro hannu da hannu ga wanda ya zo ɗaukarsa, tare da sanar da iyaye duk wani rauni ko cizon ƙwaro, da shawarar su kai shi asibiti idan zazzaɓi ya biyo baya. A shanya tantuna su bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba za su yi fumfuna. A cikin makon da aka dawo, tun abin yana sabo, ɗalibai su kawo littattafansu aji a yi aiki da abin da suka auna da wanda suka zana, malaman kuma su zauna su rubuta abin da ya tafi daidai, da abin da ya kusa zama matsala, da kayan da aka rasa, su ajiye rahoton a ofishin shugaban makaranta domin wanda zai jagoranci tafiyar baɗi.